Abin da Akwatin Wadata Ya Rubuta

Akwati ne mai launin toka, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba,
a gindin sandar danja, nan mararrabar Wadata.
Mai gyaɗa na jingina farantinta a jikinsa,
ƴan talla na manna masa hoton maganin basir,
ni kuwa makullinsa na aljihuna,
shekara tara ke nan.

Ba ya barci, ba ya hira. Rubutu kawai.
Biyu da minti shida na dare: kuran ya tafi.
Uku saura kwata: ya dawo, da rauni.
Asuba: jar fitilar gabas ta mutu.
Azahar: zafi a cikina ya kai sittin.
Haka yake jera su, layi bisa layi,
babu "wai", babu "an ce".

Ran Talata, bayan la'asar,
taksin Zabeiru ta haɗu da babur ɗin Gado.
Tumatir ya watse har bakin kwata,
ƙafar Gado ta lanƙwashe inda ba gaɓa.
Wannan ya rantse kore ya gani.
Wancan, daga ƙasa, haƙora a cije,
ya ce shi ma kore.
Jama'a suka rabu biyu, da Hausa da Zabarmanci,
kowa da maƙaryacinsa.

Birgadiye Mainasara ya share gumi da hula:
"Kai mai akwati, zo ka raba mana gardama."

Na durƙusa. Na jona kwamfuta.
Ƙarfen ƙofar na ƙuna kamar murfin tukunya.
Na bi layukan baya baya,
yadda ake bin sawun akuyar da ta tsinke.

A cikin akwatin akwai wani ɗan dogari,
allo ne, faɗinsa tafin hannu.
Aikinsa ɗaya: in ya ga kore biyu sun fuskanci juna
ya kashe su kafin ƙiftawar ido,
ya bar rawaya tana ƙyaftawa, kowa ya taka burki.

Ga abin da na tarar.
Goma da sha biyu na safe: an buɗe ƙofa.
Goma da kwata: an dakatar da dogari.
Goma da rabi: an rufe ƙofa.
Na nemi layin da zai ce an mayar da shi bakin aiki.
Na sake nema.
Huɗu da ashirin da ɗaya: makunnin arewa ya liƙe.
Huɗu da ashirin da ɗaya: kore biyu.
Ya gani. Hannunsa a ɗaure.

Makullin Wadata guda ɗaya ne a duk Yamai.

Na tuna: ina cikin gwada waya
salula ta yi ƙara, an ce danjar Katako ta haukace,
na tura ƙofa da gwiwa, na hau babur.
Ɗan guntun wayar da na tsallake dogarin da shi
ga shi can har yanzu, ja, yana kallona.

Akwai maɓallin gogewa.
Ƙarami ne, bai kai ƙwayar wake ba.
Yatsana ya je kusa da shi, ba zan ɓoye ba.
Kada ku ce mini mutumin kirki:
na san halin akwatin nan,
ko an goge, sai ya rubuta "an goge", da lokaci.

"To, wane ne?" in ji Birgadiye.
Na ce, "Dukansu gaskiya suka faɗa."
Na juya masa allon, na karanta a hankali,
har layin goma da kwata.

Da aka watse na zare jan wayar,
dogari ya farka, fitilu suka koma bi da bi.
Na ja ƙofa. Na ji ɗan ƙas ɗin da yake yi in ya ɗauki magana.
An rufe ƙofa: shida saura biyar.
Bai rubuta cewa sau uku makullin na kuskure rami ba,
bai rubuta hanyar asibiti ba,
ko lemun da zan saya wa Gado,
in ya yarda ya karɓa.